A daina tayar da masu haya a tsakiyar marka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da abokan aikinka baki ɗaya. Ni tsohuwar malamar lakwal ce, na yi shekara 29 ina koyar da yara a cikin Damagaram da ƙauyukan kewayenta kafin in ajiye alli. Ban taɓa rubuto wa jarida ba. Abin da ya sa na ɗauki biro yau shi ne, shekaranjiya da la'asar maƙwabciyata ta shigo gidana da goyo a bayanta, ta zauna bakin ƙofar madafa, ta ce mai gidan da suke haya ya aiko su tashi kafin ƙarshen wata. Ga hadari kuwa kullum yana haɗowa daga gabas. Ba ta yi mini maganar gado ko katifa ba. Abin da ya fara fitowa daga bakinta shi ne: "Malama, hatsina fa? Ina zan kai shi?" Wannan tambaya ta fama mini mikin da nake zaton ya warke.

Shekara 17 muka yi muna haya a wani gida a unguwar Birni. Ɗaki uku ne da zaure, sai wani ɗan ƙuntataccen ɗaki marar taga a bayan madafa wanda na mayar ɗakin ajiya. A gidan na haifi autana. Ba mu taɓa bari wata ya shige ba mu biya kuɗin haya ba. Ranar 20 ga Agustan 2024, bayan sallar magariba, mai gidan ya turo ƙaninsa wurin Malam, wato mijina, cewa ɗansa zai yi aure, ana son a gyara masa gidan, mu fita nan da kwana goma. Malam mutum ne mai kawaici. Ya ce to, Allah ya sanya alheri, ya rako baƙon har bakin hanya, sannan ya shigo ya gaya mini. Nan take ya fara lissafi da yatsunsa: gado biyu, katifu, kabad, keken ɗinkina, akwatunan littattafansa. Ya ce amalanke biyu za su kwashe su a wuni guda. Ni kuwa ban ce komai ba, na ɗauki cocila na nufi bayan madafa na tsaya ina kallon abin da ke ciki.

Duk macen da ke riƙe da gida a ƙasar nan ta san me ake nufi da ƙarshen Agusta. Hatsin bara ya ƙare a rumbunan yawancin mutane, na bana bai nuna ba, ko tumu sai an shiga Satumba ake fara gasawa. A lokacin ne tiyar gero take kai maƙura wajen tsada a kasuwar Dole. Abin da ya rage wa mace a ɗakin ajiyarta shi ne zai kai iyalinta kaka. Ni a daren nan ina da gero buhu uku, ragowar rabonmu na gonar gado da ke wajen Mirya. Ina da wake buhu guda cikin buhun nan mai riɓi uku, da rabin buhun gyaɗa ɓararriya. A kan katakon da ke jikin bango akwai gwangwanayen kuka wadda ni da kaina na shanya a inuwa na daka na tankaɗe, da kuɓewar da na yanka na busar tun tana arha, da gabu, da busasshen tattasai, da daddawar kalwa da ta batso kowace a nata mazubi, da curin tsamiya, da kanwa. A ƙasa ga bidon man gyaɗa, ga kwalbar man shanu da wata Bafulatana ke kawo mini.

Na lissafo maka su ne don masu karatu maza su gane abu ɗaya. Waɗannan kaya ba a rana guda aka tara su ba, kuma ba kuɗi kaɗai ya tara su ba. Kowanne yana da lokacinsa, lokacin da yake arha da lokacin da akwai ranar da za ta busar da shi. Kuɓewa da ganyen kuka a ƙarshen damina, wake da gyaɗa da kaka, tattasai da gabu da rani lokacin da kayan lambu suka cika kasuwa. Aikin shekara guda ne cur. Gado in ya karye kafinta zai gyara shi ranar da aka samu kuɗi. Kuɓewar da ta jiƙe a watan Agusta kuwa ta tafi kenan sai baɗi.

Kwana shida Malam da babban ɗana suka yi suna yawo a kan kabu-kabu suna neman gida. Da damina gidan haya wuya yake, domin duk wanda katangarsa ta zube shi ma nema yake. Daga ƙarshe suka samu ɗaki biyu a Garin Malam, babu ɗakin ajiya, madafar ma rumfa ce ta kwano. Aka ce a biya wata uku gaba. Muka biya da kuɗin da muka tanada don rijistar yara. Ya rage mana kwana uku na haɗa kayan shekara 17.

Allah ya saka wa tsohuwar da ke katanga ɗaya da mu da alheri, Iya muke ce mata. Ƙafarta ba ta da lafiya, amma ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a ƙofar ɗakin ajiyar ta zauna tana nuna mana da sandarta. Ita ce ta hana 'yata zuba kuka a leda zalla. Ta ce a mayar da ita gwangwani, a shimfiɗa leda a bakinsa kafin a danna murfi, a ɗaure da roba, don garin kuka yana kama wari kamar yadda tsumma ke kama mai. Ta ce kalanzir da galan ɗin fetur na babur kada su kuskura su hau amalanke ɗaya da abin da za a ci. Ta ware kanwa da gishiri gefe guda, ta ce su biyun nan masu jawo laima ne, in suka kwana kusa da gari za su dunƙule shi. Daddawa ta sa aka saka cikin langa mai murfi, nesa da akwatin tufafi. Kwanonin jere kuwa ta sa aka riƙa sa tsumma tsakanin kowane biyu don kada fentinsu ya ɓamɓare. Butalin gas ta ce a kwance kansa a ɗauke shi a tsaye. Da muka zo kan randar da na gada wurin mahaifiyata, sai ta ɗora hannu a wuyanta ta ce: "Wannan ba kayan amalanke ba ce, 'yata. Ki cusa mata zannuwa, ki rungume ta a cinyarki." Haka na yi, kuma har yau daga cikinta muke sha.

Abu ɗaya ne Iya ta faɗa wanda ba a bi ba. Ta ce hatsi ya fara tafiya tun da sanyin safiya, kafin komai. Amma ranar tashi, 30 ga wata, masu amalanke suka zo suka ce manyan kaya ake fara ɗorawa, maza suka goyi bayansu, ni kuma ina can ciki ina ɗaure tukwane. Gari ya waye garau babu ko ɗigon gajimare. Sawu na farko gadaje da kabad, na biyu katifu da akwatuna, kuma tamfal ɗin da muke da shi guda ɗaya ya bi katifun, aka rufe su da shi a tsakar sabon gida. Sai bayan la'asar aka ɗora buhuna.

Ina cikin adaidaita a bayansu da randa a cinyata lokacin da iska ta taso. Kafin mu yi nisa gabas ta yi baƙi ƙirin, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Hanyar da za ta shiga unguwar ta zama kogi. Ƙafar amalanke ta nutse cikin taɓo har gindinta, jakin ya durƙusa, yaron da ke kora shi yana dukansa yana kuka. Babu yadda za a yi a fitar da ita sai an rage mata nauyi. Ina ji ina gani aka sauke buhunan gerona uku aka jingina su a gindin wata katanga, ruwan indararo yana zuba a kansu, na ƙasa kuma yana bi ta ƙarƙashinsu. Na ajiye randar a hannun mai adaidaita, na fita na cire mayafina na rufa a kan buhu ɗaya, ni ma na san ba abin da mayafi zai tare. Ɗana ya kama hannuna ya ce: "Mama, ki koma ciki, za ki yi mura." Wajen minti arba'in buhunan suka yi a wurin.

Kwana huɗu a jere rana ba ta fito ta kirki ba. Muka jingine katifu a bango, muka shimfiɗa tabarmi a ɗakin da muke kwana, muka baza geron. Ni da 'yata muna juya shi da hannu dare da rana, muna fifita shi da faifai. A kwana na biyu in ka tura hannu cikinsa sai ka ji ɗumi. A na uku ya fara tsami, wanda ke ƙasan buhu ya fito da fararen tsiro kamar an shuka shi, wani kuma ya dunƙule ya yi fumfuna. Buhu ɗaya da 'yan tiyoyi muka tsirar. Buhu tiya 40 ne, kowa ya lissafa da kansa abin da ya salwanta. Gyaɗar kuwa ban ko yi jayayya ba, da na ga ta yi tabo kore-kore na sa aka haƙa rami aka binne ta, saboda tun muna lakwal ma'aikatan lafiya sun sha gaya mana cewa fumfunar gyaɗa guba ce mai cin hanta, kuma suya ba ta kashe ta. Ko awaki ban yarda a ba su ba.

Waken shi ne ya yaudare ni. Buhun nan na PICS, wanda masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka da na INRAN, cibiyar binciken noma ta nan Nijar, suka yaɗa tun wajen 2007, leda biyu ce masu kauri a ciki, sai buhun saƙa a waje. Ba magani a cikinsa. Sirrinsa kawai shi ne iska ba ta shiga, sai ƙwaron da ya biyo waken tun daga gona ya shaƙe ya mutu, ƙwayayensa su kasa yin komai. Ruwa bai taɓa waken ba, na yi ta hamdala. Ashe wata ƙusa a jikin katakon amalanke ta huda shi ta gefe, huda ƙarama wadda ko ɗan yatsa ba zai shiga ba. Da ina da natsuwa da na duba na liƙe ta a ranar. Amma hankalina yana kan gero. Bayan wata guda da 'yan kwanaki na kwance bakin buhun zan dafa wa yara garau-garau, sai ƙwari suka taso mini a fuska. Na ɗebo da hannu, kowace ƙwaya da huda biyu ko uku, ƙasan buhun duk gari.

Wani mai son taimako ya ce in sayo ƙwayar nan da 'yan kasuwa ke jefawa cikin buhu ta kashe ƙwari. Na ƙi, kuma ina roƙon duk wadda ƙaura ta matse ta cikin ɗaki ɗaya da hatsinta ta ƙi. Ƙwayar nan in ta ji laima hayaƙi take fitarwa wanda ido ba ya gani, kuma yadda yake kashe ƙwaro haka yake kashe mutum. Ta babban ɗakin ajiya ce wanda ba a kwana a cikinsa. Mu kuwa kan autana yana jingine da buhun yake barci.

Sai maganar ruwa, wadda ba a raba Badamagare da ita. Garinmu a kan duwatsu yake zaune, ruwan famfonmu daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Macaya, da Arunguza, da Ganaram. A tsohon gida na san lokacin da famfo ke kawowa, ko da tsakar dare ne ina tashi in tara, na kuma san ɗan garuwan da zai ba ni bashi in ya ɗauke. A sabon gida babu famfo, ban san kowa ba, bidunan da za mu cika mu taho da su kuwa an juye su don amalanke ta yi sauƙi. Ga ruwan sama ko'ina, ga mu babu na alwala balle na girki, don bokitan da za mu tara suna ƙasan kaya. Itacenmu ya jiƙe, kan gas ɗin ba wanda ya san kwalin da yake. Muna zaune cikin duhu bayan isha'i sai muka ji sallama. Wata yarinyar mace ce da tsohon ciki, ɗauke da kwanon tuwo da miyar kuka, ƙaninta a bayanta da bokiti biyu na ruwa. Ta ce: "Mama, sannunku da zuwa, ga wannan ba yawa." Ba ta san ko sunana ba a lokacin. Malam Edita, ita ce wadda ta shigo mini shekaranjiya, cikin nan kuwa shi ne goyon da ke bayanta.

Kwana huɗu bayan tashinmu, ranar 3 ga Satumba, tsohon masallacin Birni ya rushe, ginin ƙasa da ya tsaya tun tsakiyar ƙarni na 19, wanda na yi shekaru ina jin kiran sallarsa daga tsakar gidana. Gidaje da yawa sun zube a daminar nan, mutane suka koma azuzuwan makarantu, har sai da gwamnati ta ɗage komawa karatu zuwa 28 ga Oktoba. Na je na gaida wasu da na sani a ɗaya daga cikin makarantun, na ga tukwanensu jere a ƙarƙashin allo. Asararmu ba ta kai ko kusa da tasu ba, kuma ban haɗa ba. Amma su ruwa ne ya fitar da su, ruwa kuwa ba ya aiko da ƙaninsa ya ba da wa'adi. Mu mutum ne ya fitar da mu, mutumin da yake da ikon ya ce nan da wata uku.

Ba na cewa mai gida ba shi da haƙƙi. Gidansa ne, guminsa ne ko gadonsa, kuma ranar da ya buƙace shi dole a ba shi. Na kuma san akwai masu haya da ke shekara ba su biya ba, in an yi magana su ce an ci mutuncinsu. Waɗannan dabam. Amma aure ba ya faɗowa daga sama. An kai gaisuwa, an sa rana, an yi watanni ana shiri. Da ranar da aka sa rana aka aiko mana, da na san yadda zan yi. Da na daina sayen sabon abu mun cinye na ajiye, na sayar da rabin waken tun yana da daraja, na aika buhu biyu na gero wurin ƙanwata su zauna a busasshen wuri, mun nemi gida a tsanake mun tashi tun kafin ruwan farko. Da na samu zarafin bin maƙwabtana gida-gida in yi musu sallama da neman gafara kamar yadda aka san mutanen kirki na yi. Babbar tukunyar Iya da na ara ta biyo kayanmu, sai bayan wata biyu na gan ta na mayar mata, ina jin kunya. Adashin da muke yi mu goma sha biyu a layin ya watse a kaina. Mai injin niƙan da yake yi mini lamuni har ƙarshen wata bai ma san na tashi ba sai da ya tambaya.

Don haka nake roƙon masu gidajen haya na Damagaram, don girman Allah, in ba katanga ce za ta faɗo wa mutane ba, kada a tayar da kowa tsakanin Yuli da Satumba, kuma a ba da wa'adin da bai gaza wata uku ba. Masu unguwanninmu su ne suka fi kowa iya gyara wannan. Yawancin hayar da ake yi a garin nan ta fatar baki ce. In da za a saba cewa duk wanda zai ba da haya da wanda zai karɓa su je gaban mai unguwa da shaidu biyu, a rubuta kuɗi, a rubuta wa'adin tashi, kowa ya riƙe kwafinsa, da rigingimu da yawa ba su taso ba, kuma mai gidan ma ya samu abin kafa hujja ranar da aka ƙi biyansa. Ina fata wannan magana ta isa fadar Mai Martaba Sarkin Damagaram da ofishin magajin gari. Limamanmu kuma da suke yi mana huɗuba a kan haƙƙin maƙwabci, su tuna mai haya ma yana cikin waɗanda aka yi wasiyya da su.

Ku kuma mazajenmu, ranar tashi ku tambayi matar gida me zai fara fita. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Malam bai taɓa ce mini komai a kan ranar nan ba, amma da aka yi kaka na ga ya sayo tamfal biyu ya ninke ya ajiye a ƙarƙashin gado, kuma da kansa ya ɗaura katako a kan bulo don buhuna su daina taɓa ƙasa.

Maƙwabciyata tana da gero buhu biyu da wake rabin buhu, mijinta yana can yana ga-ruwa da rana, da dare yana gadi. Na ce ta kawo hatsin ɗakina ya zauna a kan katakon nan har su samu wuri, mu za mu matsa. Ranar Alhamis zan shiga Dole in sayo mata gwangwanaye da roba da sabuwar ledar buhu. Malam ya yi alkawarin zai sami mai unguwa su je wurin mai gidan tare su roƙi a ƙara musu zuwa bayan kaka. In kun buga wannan wasiƙa kafin ƙarshen wata, zan ba shi ya tafi da ita ya karanta masa.

Wassalam.

Taku,
tsohuwar malamar lakwal,
Garin Malam, Damagaram.